Kyamarar Maƙwabci da Sirrin Gidanka: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa tsakanin mutanen da ke zaune kusa da juna a birane, tun da kyamarorin tsaro suka yi arha kuma kowace unguwa ta buɗe zaurenta na tattaunawa a waya. Wasu tambayoyin daga masu kyamara suka fito, wasu daga waɗanda kyamarar ke kallo. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka duk inda aka ambaci hukunci ko doka an faɗi ƙasar da abin ya shafa.

1. Ai maƙwabta sun saba sa wa juna ido tun fil azal. Mene ne sabo a nan?

Gaskiya ne, kuma sa idon nan yana da amfaninsa. Shi ke sa a lura da baƙuwar fuska a bakin ƙofar wanda ya yi tafiya, ko a gane cewa wata tsohuwa ba ta leƙo waje ba tun jiya. Amma idon mutum yana gajiya, yana barci, yana mantuwa. Maƙwabcin da ya ga shigowarka da tsakar dare zai iya mantawa kafin mako ya zagayo, in ma ya ba da labari, maganarsa ce kawai, ana iya yarda ana iya musantawa.

Kyamara ba ta mantuwa. Tana rubuta rana da sa'a da minti, tana ajiyewa, ana iya komawa baya a bincika, ana kuma iya tura abin da ta ɗauka ga mutum ɗari cikin ƙiftawar ido. Wanda ya tara bidiyon ƙofar gidanka na wata guda ya san lokacin fitarka da dawowarka, ya san masu zuwa wurinka da tsawon zamansu, ya san ranakun da gidan ke zama babu kowa. Ba wani abu a ciki da yake asiri in aka ɗauke shi shi kaɗai. Tarawar ce ke mayar da shi tonon asiri.

2. Waɗanne na'urori ake nufi?

Kyamarar bango da aka saba gani, da ƙararrawar ƙofa mai kyamara irin ta Ring ko Nest, da kyamarar gaban mota da ke ci gaba da ɗauka bayan an faka, da ƙananan jirage marasa matuƙi, da na'urorin karanta lambar mota a ƙofar rukunin gidaje. Sai wayar hannu, wadda ta fi su duka yawa. Zaurukan WhatsApp da Facebook da Nextdoor (manhajar hirar 'yan unguwa) ba sa ɗaukar hoto da kansu, amma a nan ne abin da aka ɗauka yake yaɗuwa (duba tambaya ta 9).

3. Ina da 'yancin kafa kyamara a gidana ko babu?

Kana da shi, kusan a ko'ina. Kare gida da iyali da dukiya dalili ne karɓaɓɓe, ba wanda zai ce ka nemi izinin unguwa kafin ka kalli ƙofarka ko garejinka. Rigima tana farawa ne daga inda idon kyamarar ya tsallake iyakar gidanka. Idan ɗan haya ne kai, duba yarjejeniyar haya tukuna, domin huda bango ko kafa na'ura a farfajiyar da ake tarayya a kanta yakan buƙaci amincewar mai gida (tambaya ta 13).

4. Kyamarata tana ɗaukar titi da ɗan gefen gidan da ke kallon nawa. Hakan laifi ne?

Ya danganta da ƙasar, amma akwai hukuncin da ya kamata duk mai kyamara ya sani. Wani mutum a Jamhuriyar Cek ya gaji da fasa masa tagogi, sai ya kafa kyamara a shekarar 2007. Tana ɗaukar ƙofarsa, da hanyar jama'a, da ƙofar gidan da ke tsallake. Kyamarar ta yi aikinta, an gane mutum biyu da ake zargi. Sai ɗaya daga cikinsu ya kai ƙara cewa an ɗauke shi ba bisa ƙa'ida ba. Maganar ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda a watan Disamba na 2014 ta yanke cewa da zarar kyamara ta kai ga wurin jama'a, ko da ɗan sashe ne, ta fita daga abin da ake kira harkar cikin gida zalla, kuma dokar kare bayanan mutane ta hau kan mai ita.

Kotun ba ta ce a cire kyamarori ba. Abin da hukuncin ke nufi shi ne mai kyamarar yana da nauyi a wuyansa: ya kasance da dalili, kada ya ɗauki fiye da abin da dalilin ke buƙata, ya sanar da mutane, ya kiyaye abin da ya tara. A Amurka abin ya fi sauƙi ga mai kyamara, domin a can galibi ana ganin wanda ke tafiya a titi ba ya da hujjar tsammanin sirri. Duk da haka ko a can, auna kyamara cikin ɗakin kwana ko banɗakin wani laifi ne.

Shawara mai sauƙi ita ce ka buɗe manhajar ka kalli abin da kyamarar ke gani. Idan rabin allon ƙofar wani ce, ba gidanka kake gadi ba. Ka sunkuyar da ita, ko ka rufe sashen da ba naka ba kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 15.

5. Me ya sa ake cewa ɗaukar murya ya fi ɗaukar hoto haɗari?

Saboda mai wucewa yana iya ganin kyamara ya san ana kallonsa, amma ba ya sanin iya nisan da makirfonta ke ji. Mutum biyu za su tsaya a gefen hanya suna maganar rashin lafiya ko bashi ko rikicin aure, ba su san ƙararrawar ƙofar da ke can gefe tana naɗa ba. A watan Oktoba na 2021 wata kotu a Oxford ta Ingila ta yanke hukunci a shari'ar maƙwabta biyu, inda wata mata ta yi ƙarar maƙwabcinta kan kyamarorin da ya kafa. Kotun ta same shi da saɓa dokar kare bayanai da kuma muzguna mata, kuma alƙaliyar ta nuna cewa muryar da na'urorin ke ɗauka daga nesa ta fi hoton zama matsala, tun da ba a buƙatarta wajen hana sata.

Wasu wurare, kamar jihar Kalifoniya ta Amurka, suna buƙatar yardar duk masu magana kafin a naɗi zancen sirri. Ɓarawo kuwa ba ya zuwa yana gabatar da kansa da baki. Kashe makirfo ba ya rage maka tsaro ƙwarai, amma yana kawar da babban abin da za a kama ka da shi.

6. Kyamarar maƙwabcina tana fuskantar tagata. Me zan yi?

Fara da magana, kuma ka je da tambaya, ba da tuhuma ba. Da yawa daga masu kyamara wani ne ya kafa musu, ba su taɓa lura da abin da ke gefen allo ba. Ka roƙe shi ya nuna maka abin da take ɗauka a wayarsa. Wani lokaci za ka tarar ba ta kai tagar ba, fuskarta ce kawai ke ba da tsoro. Wani lokaci kuma shi da kansa zai ji kunya idan ya ga labulen ɗakinka a allonsa. Ka faɗi takamaiman abin da kake so: a karkatar da ita, a rufe sashen tagar, a kashe murya.

Idan ya ƙi, rubuta masa takarda ka riƙe kwafi, ka ɗauki hoton inda kyamarar take daga cikin gidanka, ka rubuta ranakun da kuka yi magana. Daga nan sai mai gidan haya ko shugabannin mazauna, ko wani mai sasanci da ku biyun kuke ganin girmansa. Bayan su akwai hukumar kare bayanai a ƙasashen da ke da ita, sai kotu. Idan yana bin ka da kyamarar duk inda ka gifta, ko yana aiko maka da hotunanka don ya tsorata ka, wannan muzgunawa ce, 'yan sanda za ka kai wa.

Abin da ba za ka yi ba shi ne fasa ta, ko shafa mata fenti, ko yanke wayarta. Ka yi haka, kai ne mai laifi, kuma shaida tana hannunsa. Kafa taka kyamarar ta kalli tagarsa don ramuwa ma ba ya raba gardama, sai dai ya ninka ta.

7. Zan iya neman ya ba ni bidiyon da na fito a ciki, ko ya goge?

A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya, inda dokar kare bayanan mutane da ake kira GDPR ta fara aiki a watan Mayu na 2018, kana da wannan haƙƙi idan kyamarar ta wuce iyakar gidansa. Kana iya neman kwafi, a ƙa'ida ya amsa cikin wata guda, kana iya neman a goge, kana kuma iya nuna ƙin amincewa da ci gaba da ɗaukarka. Ƙasashe da dama sun yi dokoki masu kama da wannan. Sai dai samun haƙƙi a takarda daban, tilasta wa maƙwabci ya cika shi daban, shi ya sa matakan tambaya ta 6 suka fi saurin kawo biyan buƙata.

8. Wanda ba ya aikata laifi, me zai sa ya damu da kyamara?

Wannan ita ce maganar da aka fi ji daga bakin masu kyamara, kuma ba ta tsayawa idan aka gwada ta. Mutum yana rufe ƙofar banɗaki ba don yana aikata laifi a ciki ba. Matar da ta gudo daga mijin da ke dukanta ba ta son a san gidan da ta koma. Mai jinya ba ya son unguwa ta ƙirga zuwan ma'aikaciyar lafiya. Wanda aka sallama daga aiki bai shirya bayyana wa kowa dalilin zamansa a gida da rana ba. Babu mai laifi a cikinsu.

Sashe na 12 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya hana katsalandan ba gaira ba dalili cikin sirrin mutum da iyalinsa da gidansa, bai kuma ce sai mai abin ɓoyewa ba. Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. Mutanen da suka san ana naɗar su sukan rage tsayawa hira a waje, yara su rage wasa a ƙofar gida, baƙi su rage zuwa. Titin da mutane suka janye daga gare shi ya fi daɗin aiki ga ɓarawo.

9. An ɗauki hoton wani da ake zargi yana leƙe-leƙe. In tura a zauren unguwa?

Dakata tukuna. Me ya yi? Idan amsar ita ce ya tsaya yana duba waya, ko ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tafi, ko dai ba a san shi ba ne kawai, to ba ka ga laifi ba, baƙo ka gani. Mai kawo saƙo da ya ɓace hanya, mai neman gidan haya, mai taɓin hankali, duk haka suke bayyana a kyamara. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta, domin da ka tura, wani ya tura gaba da ƙarin gishiri, kai kuma ba ka da ikon janyewa.

An ga ƙarshen irin wannan. A Indiya, a 2017 da 2018, jita-jitar masu satar yara da ta yaɗu ta WhatsApp ta sa gungun jama'a sun kashe mutane da dama. A watan Yuli na 2018 kaɗai an kashe mutum 5 a wani ƙauye na gundumar Dhule a jihar Maharashtra. Bayan haka ne WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda a Indiya, ya kuma faɗaɗa hakan zuwa duniya a farkon 2019. A Amurka, ƙorafin mazauna Oakland a 2015 cewa ana sanya baƙaƙen fata a matsayin abin zargi a Nextdoor ya sa kamfanin ya sauya fom ɗin kai rahoto a 2016, ya zama dole mutum ya bayyana abin da aka aikata da wasu siffofi, ba launin fata kaɗai ba.

Idan laifi ne na gaske, bidiyon na hukuma ne. A zaure kana iya sanar da cewa an fasa mota a layi kaza da misalin ƙarfe kaza, kowa ya kula, ba tare da ka manna fuskar kowa ba. Wanda ya kira mutum ɓarawo a bainar jama'a ba da hujja ba zai iya fuskantar ƙarar ɓata suna.

10. Kyamara tana rage sata kuwa da gaske?

Tana ragewa, amma ba kamar yadda masu talla ke nunawa ba. Wani babban nazari da Eric Piza da abokan aikinsa suka wallafa a 2019, wanda ya tattara binciken shekara 40, ya gano raguwar laifuka da kusan kashi 13 cikin ɗari a wuraren da aka kafa kyamarori. Tasirin ya fi ƙarfi a wuraren ajiye motoci, kusan kashi 37, kuma ya fi fitowa inda akwai mai kallon allon yana ɗaukar mataki, ko inda aka haɗa kyamarar da wasu matakan. A laifukan tashin hankali ba a ga wani tasiri na a zo a gani ba. Kyamarar gida da ba mai kallonta sai bayan an yi ɓarna, amfaninta ya fi yawa wajen ba da shaida. Ƙofa mai ƙarfi da makulli nagari da fitila a waje har yanzu su ne kan gaba.

11. Ban da ni, wa ke iya ganin abin da kyamarata ke ɗauka?

Idan bidiyon yana tafiya rumbun ajiya na kamfani ta intanet, to ba a hannunka kaɗai yake ba. A watan Mayu na 2023 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta zargi Ring da barin ma'aikata suna kallon bidiyon kwastomomi ba iyaka, ciki har da wani ma'aikaci da ya shafe watanni a 2017 yana kallon dubban faifan mata a ɗakunan kwana da banɗakuna. Ta kuma ce masu kutse sun shiga asusun kwastomomi kusan 55,000. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.8.

Sai masu kutse na waje, waɗanda galibi ba sa wahala, domin mutane da yawa ba sa canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita. A 2014 wani shafi ya riƙa nuna hotunan kai tsaye daga kyamarori sama da 70,000 a faɗin duniya ta wannan hanya. A 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da makamantansu ta yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka. Kada a manta da na kusa ma: wanda ya kafa maka ita, tsohon abokin zama, ko tsohon miji ko mata da har yanzu ke da kalmar sirri.

12. 'Yan sanda sun nemi in ba su bidiyon. Dole ne?

Roƙo daban, umarnin kotu daban. A mafi yawan ƙasashe kana iya amsa roƙo ko ka ƙi, amma umarnin kotu ba a ƙin sa. Idan za ka bayar, tambayi rana da lokacin da suke nema ka ba da wannan sashe kaɗai, kada ka miƙa asusunka gaba ɗaya, domin a ciki akwai zirga-zirgar maƙwabtan da ba ruwansu da binciken. Ka sani kuma kamfani na iya bayarwa ba da saninka ba. A 2022 Amazon, wanda ya sayi Ring a 2018, ya shaida wa Sanata Ed Markey na Amurka cewa a farkon rabin shekarar ya ba 'yan sanda bidiyo sau 11 ba tare da izinin masu kyamarorin ba, bisa dalilin gaggawa.

13. Mai gidan haya ko ƙungiyar mazauna suna da ikon kafa kyamara da rubuta sunayen baƙinmu?

A mashiga, da wurin ajiye motoci, da matakala, galibi suna da shi idan sun sanar. A cikin ɗakin da kake haya ba su da shi, ko da gidan nasu ne. Kyamarar da aka saita daidai ƙofar ɗan haya guda, ba ta ganin komai sai shiga da fitarsa, ita ma abin tuhuma ce.

Kafin mazauna su amince da kyamarorin haɗin gwiwa, a rubuta amsar waɗannan a takarda: wa ke riƙe da kalmar sirri, wa ke da izinin duba bidiyo kuma a kan wane dalili, kwana nawa ake ajiyewa, me za a yi wa wanda ya fitar da shi waje. In ba haka ba, na'urar da aka saya don ɓarayi takan koma ta gano wanda ya ajiye shara ba daidai ba, ko wa ke kwana a gidan wa. Littafin baƙi na mai gadi ma haka yake. Suna da lambar waya da lambar mota da lokacin shiga, a buɗe a kan tebur kowane mai zuwa yana karanta na gabansa. Ya kamata a rage abin da ake tambaya, a rufe shafukan baya, a kuma lalata tsofaffin littattafai.

14. Sabuwar kyamarata tana gane fuskoki. In kunna?

Don ta gane iyalinka, sai ta auna fuskar duk wanda ya gifta, har da mai kawo wasiƙa da yaran maƙwabta, ba kuwa wanda ya tambaye su. Fuska ba kalmar sirri ba ce da za a canza idan bayananta suka fita. Jihar Illinois ta Amurka tun 2008 take da dokar da ta wajabta wa kamfanoni neman izini a rubuce kafin tattara irin waɗannan bayanai, GDPR ma ta sa su cikin rukunin da ke da kariya ta musamman. Ga kuma kuskure: gwajin da cibiyar NIST ta gwamnatin Amurka ta fitar a watan Disamba na 2019 ya nuna cewa da yawa daga manhajojin sun fi rikita fuskokin 'yan Afirka da 'yan Asiya, a wasu lokuta ninki 10 zuwa 100. Ga gida na talaka ko mai kuɗi, amfanin bai kai haɗarin ba. Idan kuma ka haɗa wannan kuskure da abin da aka faɗa a tambaya ta 9, za ka ga inda zai iya kaiwa.

15. Na yanke shawarar kafawa. Yaya zan saita ta ba tare da na shiga haƙƙin kowa ba?

Gaya wa maƙwabtan da ke kusa kafin mai kafawa ya zo, sannan ka nuna musu allon bayan ya gama. Ka ɗaura ta tana kallon ƙasa, zuwa ƙofarka da shingenka. Yawancin manhajoji suna da wurin zana baƙin akwati a kan sashen da ba ka son a ɗauka, sai ka rufe tagogi da ƙofofin wasu da shi. Ka lura, wannan daban yake da saitin yankin motsi, wanda ke rage sanarwar da ke shigo maka kawai amma kyamarar tana ci gaba da ganin komai. Mutane da yawa suna rikita biyun. Kashe murya, ka manna 'yar sanarwa a bakin ƙofa cewa akwai kyamara.

Canza kalmar sirri tun ranar farko, ka kunna tantancewa mai mataki biyu (kalmar sirri da kuma lambar da ake turowa wayarka), ka riƙa sabunta manhajar, ka duba jerin waɗanda ke da damar shiga ka cire wanda bai kamata ba. Ajiya a katin da ke cikin na'urar ko a akwatin naɗi na gida tana rage hannayen da bidiyon ke bi ta cikinsu, sai dai ɓarawo na iya tafiya da akwatin, don haka a ɓoye shi. Saita ta ta riƙa goge tsohon bidiyo da kanta. Mako biyu zuwa wata guda ya ishi yawancin gidaje, domin in an yi sata za ka sani kafin nan, sai ka ware sashen da ake buƙata ka adana shi daban. Idan akwai mai aiki ko mai raino a gidan, sanar da su inda kyamarorin ciki suke tun ranar da suka fara aiki, kuma kada ko ɗaya ta kasance a ɗakin kwanansu ko banɗaki.